Yadda Ake Kai Harsasai Bakin Daga Ba Tare da Asiri Ya Tonu Ba

A watan Mayun 1915, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jaridar Times ta Landan ta buga labarin cewa harin da sojojin Birtaniya suka kai a Aubers, a arewacin Faransa, ya ci tura ne saboda igwoginsu ba su da isassun harsasai. Cikin 'yan makonni gwamnati ta girgiza, aka yi wa majalisar ministoci garambawul, aka kafa ma'aikata sukutum ta makamai aka damƙa wa minista Lloyd George. Janar-janar ɗin da suka shirya wannan yaƙi sun yi lissafinsu ne da ma'aunin yaƙe-yaƙen baya, igwogin zamani kuwa suka riƙa cinye tanadin wata guda cikin kwana biyu ko uku. Don haka aikin hafsan da ke kula da harsasai daga alƙalami da takarda yake farawa, tun kafin a tayar da mota ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da lissafi

Abu uku za ka sani: bindiga nawa ce, kowacce harsashi nawa za ta ci a rana, kuma nauyin kowane harsashi da akwatinsa nawa ne. Mutane da yawa suna zaton harsashin ƙananan bindigogi ne babban kaya. Ba shi ba ne. Akwatin katako na harsashin AK yana ɗauke da gwangwani biyu, harsashi wajen 1,400, nauyinsa kusan kilo 30. In kana da soja 600 ka ba kowa harsashi 120, akwati 52 ke nan, tan ɗaya da rabi, mota guda ta kwashe har da sauran wuri.

Yanzu dubi igwa. Ƙwayar harsashin igwa mai bakin milimita 155 ita kaɗai kilo 43 ce. In ka haɗa da albarushin da ke tura ta, da fiyus mai tayar da fashewarta, da katakon ɗauri, ka ɗauka kilo 60 don lissafi. A ce igwa 18 ce, kowacce za ta harba 100 a rana. Harsashi 1,800, tan 108, kullum ta Allah. Motar da ke ɗaukar tan 8 sai ta yi sawu 14.

Daga nan sai lissafin lokaci, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. In rumbu yana kilomita 60 daga igwogi, ana tafiyar dare ba fitila a kan kilomita 20 cikin awa, zuwa awa uku ne, dawowa awa uku, lodi awa ɗaya, saukewa awa ɗaya. Awa takwas, wato sawu ɗaya a dare, wato mota 14. Amma ba a taɓa samun dukkan motoci a kan ƙafafunsu ba. Ka ɗauka ɗaya cikin huɗu tana hannun makaniki, sai ka nemi 19. In kuma aka ja rumbun baya zuwa kilomita 100, tafiyar ta zama awa 12, dare ba zai ishe ta ba, dole a yi zango a tsakiya ko a ninka motoci. Abin da ya sami Rasha ke nan a Yukren a 2022, lokacin da rokokin HIMARS masu cin zangon kusan kilomita 80 suka fara dira a kan rumbunanta, aka tilasta mata janye su can baya.

Kada ka manta mai dako shi ma yana ci. Mota tana shan mai, direba yana cin abinci, kuma duk cikin kayan da ake kaiwa ne.

Abin da ke cikin akwatin

Harsashin igwa kashi huɗu ne: ƙwaya, albarushi, fiyus da ake ɗaurawa a kanta, da hular da ke kunna albarushin. A rumbu rabe ake ajiye su, amma a bakin igwa dole su haɗu cikin adadi ɗaya. Ayarin da ya kai ƙwaya dubu bai kai fiyus ba, ƙarfe kawai ya kai. Saboda haka ana tsara lodi ne ta yadda kowace mota, ko kowane ƙaramin rukunin motoci, zai isa da cikakken harsashi, kada asarar mota ɗaya ta mayar da kayan goma banza.

Sai lambar zubi. Duk harsashin da aka yi a masana'anta lokaci guda da kayan haɗi ɗaya yana da lamba ɗaya a jikin akwati. Kada a gauraya zubi. Albarushin zubi biyu ba ya ƙonewa daidai, mai saitin igwa zai gyara nisa da na farko, na biyu ya faɗi gaba ko baya, wani lokaci a kan mutanensa. Kuma in aka gano wani zubi yana da lahani, da lambar ake bin sawunsa a janye shi. Wanda ya juye harsasai daga akwatunansu ya tara su wuri guda don ya rage nauyi, ya ɓatar da wannan sawu har abada.

A kula da suna kuma. Harsashi uku ne sanannu da ake kira 7.62: na AK mai gajeren kwanso, na ƙawancen NATO irin na bindigar FN da G3, da kuma na mashinga PKM mai baki a gindi. Babu wanda ke shiga bindigar wani. Rundunar da ke riƙe da makaman gabas da na yamma a lokaci guda, kamar yawancin rundunonin Afirka, dole takardar neman kaya ta faɗi cikakken ma'auni, kada a rubuta 7.62 a tsaya. A yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, Amurka ta tura kwantena wajen 40,000, aka wayi gari sai an buɗe fiye da rabinsu kafin a san me ke ciki.

Rumbu: nisa, inuwa, da abin da ba ya kwana da wani

Wurin rumbun fagen fama yana son ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya kwanciya, da hanyar shiga daban ta fita daban, da abin da zai rufe shi daga sama, kuma ya yi nesa da gidajen mutane, da ma'ajiyar mai, da asibiti, da mahaɗar hanyoyin da kowa zai iya nunawa a taswira. Ba a tara kaya tsibi guda. Ana rarraba su ƙananan tsibi, a sa tazara ko tudun ƙasa a tsakani, don in ɗaya ya tashi kada ya ja sauran.

Tazarar tana da lissafi, kuma da nauyin sinadarin fashewar da ke ciki ake yin sa, ban da ƙarfe da katako. A ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011, ga kayan da ke tashi gaba ɗaya lokaci guda, ana neman lambar da in an ninka ta da kanta sau uku za ta ba da nauyin a kilo, sai a ninka ta da 22.2, a sami nisan gidajen jama'a a mita. Kilo 8,000 zai ba da 20, wato mita 444. Kilo 27,000 zai ba da 30, wato mita 666. Ko kayan kaɗan ne, a fili ba a kusantar gidaje ƙasa da mita 400 saboda ɓaraguzai. Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna Ikeja, ranar 27 ga Janairun 2002, lokacin da rumbun barikin soja ya kama da wuta a tsakiyar gari. Sama da mutum dubu suka rasu, akasarinsu ba fashewar ce ta kashe su ba, a guje suka faɗa cikin magudanar Oke-Afa da duhu. Brazzaville ta Kongo ta ga irinsa a 2012, Bata ta Ikwatoriyal Gini a 2021, Njamena a 2024. Kusan kullum labarin ɗaya ne: an gina rumbu a daji, gari ya girma ya kewaye shi.

Kada akwati ya taɓa ƙasa. A shimfiɗa katako ya ɗaga shi aƙalla santimita 8, a yi rariya kewaye. In za a rufa tanfol, a bar wajen santimita 45 tsakaninsa da saman kaya don iska ta ratsa, domin tanfol ɗin da ya kwanta a kan akwati tanda ne. A share ciyawa mita 15 kewaye, a maimaita sharar da zarar kaka ta yi. Ashana, sigari da wutar girki a bakin ƙofa suke tsayawa. Fiyus da hula ba sa kwana da manyan bama-bamai, haka ma harsasan haske da na hayaƙi nasu wurin daban.

Zafi shi ne maƙiyin da ba ya barci, musamman a ƙasashen Sahel. Albarushin zamani yana ruɓewa a hankali da kansa, ana zuba masa sinadarin da ke danne ruɓewar, zafi kuma yana cinye sinadarin. In ya ƙare, albarushin yana iya kamawa ba wanda ya taɓa shi. A Kubrus an bar kwantena 98 na albarushi da makamai a rana sama da shekara biyu, ranar 11 ga Yulin 2011 suka tashi, mutum 13 suka mutu, babbar tashar lantarkin ƙasar ta rushe. Shi ya sa ake fara fitar da tsohon zubi kafin sabo, kuma ake ɗiban samfuri ana kai wa ɗakin gwaji. Farin fosforas da ke cikin harsashin hayaƙi yana narkewa a ma'aunin zafi 44, abin da Maiduguri ko Agadas ke kaiwa a watan Afrilu ko a inuwa. A tsaye ake ajiye shi, gindi ƙasa. In aka kwantar da shi ya narke ya daskare a gefe ɗaya, zai karkace a iska. A ajiye duro cike da ruwa kusa, wanda ya fara hayaƙi a nutsar da shi.

Gaggawar lodi ma tana kisa. A Port Chicago da ke Kalifoniya, ranar 17 ga Yulin 1944, mutum 320 suka mutu wajen loda wa jiragen ruwa harsasai, yawancinsu baƙaƙen fata ne da ba a horar da su ba, hafsoshi kuma suna sa su gasar wa zai fi yawan tan.

Hanya

A 1916 hanyar mota ɗaya tal ta rage wa Faransa zuwa Verdun, inda take gwabzawa da Jamus, daga garin Bar-le-Duc, kimanin kilomita 75. Motoci sama da 3,000 suka riƙa zagaya ta dare da rana. Dokokin da suka riƙe ta har yau su ake koyarwa: ba tsayawa, ba wuce na gaba, motar da ta mutu a tura ta rami nan take makaniki ya same ta a can, dawakai da masu tafiyar ƙasa su bi gefe, leburori kuma suna tsaye suna watsa tsakuwa a ƙarƙashin tayoyi.

Amurkawa sun maimaita darasin a Faransa a 1944 da ayarin da suka kira Red Ball Express, daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba. Hanyar zuwa daban, ta dawowa daban, an hana farar hula hawa. Mota kusan 6,000 a ganiyarsa, tan 12,000 da ɗoriya a rana, gudun mil 25 cikin awa, tazarar yadi 60 tsakanin mota da mota. Abin da ya lalata shi a ƙarshe shi ne abin da ke lalata kowane ayari: lodin da ya wuce kima, tayoyi, rashin sabis, da direbobin da ke gyangyaɗi a kan sitiyari. Tafiya na ƙara tsawo, ayarin na ƙara shanye man da ya ɗauko.

Saboda haka a raba ayari ƙanana-ƙanana, kowane da shugabansa, da motar janwe a baya. A sa direba biyu a mota in tafiyar ta wuce awa takwas. A ɗaure kaya tamau, akwatin da ke tsalle a bodi yana kwance fiyus. Kada mota ta dawo wayam: kwanson igwa, akwatunan da aka juye da harsasan da aka janye duk baya suke komawa.

Inda mota ta tsaya, kai ne ke ɗauka. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama sun san wannan. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ke da sojojin Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya, ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944 inda babu hanyar mota, jiragen Dakota na jefo musu kaya da laima, sojojin dako kuma suna ɗauka a ka da gammo. A yaƙin Dien Bien Phu da Faransa, a 1954, 'yan Viyetnam sun ƙarfafa kekuna da itace suna tura kilo 200 ko fiye a kan kowane. Darasin na mai shirya kaya ne: ya ɗaure su tun daga rumbu a ƙunshin da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, kada a zo ana fasa akwati a bakin daga cikin ruwan sama. Jirgin sama kuwa ba a jingina da shi kacokan sai an yi lissafi da gaskiya. A Stalingrad ta Rasha, a Yaƙin Duniya na Biyu, an yi wa rundunar Jamus da aka yi wa ƙawanya alkawarin ɗaruruwan tan a rana, abin da ya riƙa isa bai fi ɗari da 'yan kai ba.

Sirri

Mai leƙen asiri da ya ƙware ba ya wahalar da kansa da neman takardar shirin hari. Tarin harsashi yake nema, domin inda aka tara nan za a buga, yawan tarin kuma yana faɗa masa rana. Abubuwan da ke tona asiri ƙanana ne: sawun taya da ya ratse daga titi ya ƙare a gindin bishiyoyi, ƙurar ayari da hantsi, tanfol mai kusurwa huɗu da inuwarsa, yawan magana a oba-oba a wurin da jiya shiru ne, ɗan kwangilar da aka ce ya kawo burodin mutum 300 ƙauyen da ba kowa, da direban da ya tsaya shan shayi ya ce wa mai shayi sai jibi in mun dawo daga wuri kaza. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Maganinsu sananne ne, riƙe shi ne wuya. Sawun mota ya wuce rumbu ya ci gaba ya koma titi. Lodi da saukewa da dare. Lokacin tashi da hanya su riƙa canzawa, a faɗa wa direba zangonsa na gaba kawai. Takardar da ke haɗa nau'in kaya da yawansu da inda za su kada ta wuce hannun mutum biyu ko uku, kwafinta a ƙidaye. A karɓe wayoyin salula kafin a shiga rumbu. A 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta zana sansanonin soja a hamada da sawun masu gudun safe. A daren shiga 2023 an buga wani gini da sojojin Rasha ke ciki a Makiivka, gabashin Yukren, ma'aikatar tsaron Rasha da kanta ta amsa mutuwar soja 89, ta ɗora laifin a kan amfani da wayoyi. Saƙo ta rediyo ma ba amana gare shi ba: jiragen ruwan da ke kai wa Rommel, janar ɗin Jamus a Arewacin Afirka, mai da harsasai sun riƙa nutsewa a Bahar Rum ne saboda Birtaniya tana karanta saƙonnin sirrin da ke faɗin ranar tashinsu, har takan tura jirgin leƙe ya nuna kansa don a zaci shi ya gan su.

Abin da ba zai ɓoyu ba, sai a sauya masa kama, yaƙi ɗan zamba ne. Kafin harin El Alamein a Masar na 23 ga Oktoban 1942, a hamadar da ba ko bishiya, sojojin Birtaniya sun jera gwangwanayen fetur a jikin bangon tsofaffin ramukan yaƙi inda inuwa ta haɗiye su. Sun tara kayan abinci a siffar motoci suka rufa raga. Igwogi suka sa musu rigar gingimari. A kudu, inda ba za a kai hari ba, suka gina rumbunan bogi da bututun ruwa na ƙarya, suna shimfiɗa shi a hankali yadda mai kallo daga sama zai lissafa cewa da sauran lokaci. Basaja irin wannan tana cin ma'aikata da kaya, kuma rumbun bogin da ba sawun mota, ba mai gadi, ba hayaƙin girki, ba ya ruɗin kowa.

Inda sirri ke cin na gida

Garin gyaran gira ana rasa ido. A al'adar teku jirgin da ke ɗauke da abin fashewa yana ɗaga jar tuta, amma a lokacin yaƙi an riƙa barin ta don gudun jiragen ƙarƙashin ruwa. Ranar 6 ga Disamban 1917 jirgin Mont-Blanc ya yi karo da wani a tashar Halifax ta Kanada ya kama da wuta. Mutane suka fito bakin ruwa da tagogi suna kallo, 'yan kwana-kwana suka nufo shi, ba su san yana ɗauke da tan dubbai na abin fashewa. Bayan kamar minti 20 ya tashi, kusan mutum 2,000 suka mutu.

Na Bari a Italiya ya fi ciwo. Ranar 2 ga Disamban 1943 jiragen Jamus suka buga tashar, cikin jiragen da suka tarwatse har da John Harvey, wanda ke ɗauke da bama-baman iskar guba ta mastad wajen 2,000 a asirce. Mutanen cikin jirgin da suka san kayan sun mutu tare da shi. Aka tsamo mutane daga ruwa, aka lulluɓe su da barguna a cikin tufafinsu masu jiƙe da gubar, likitoci na zaton sanyi ne da firgita. Wanka da canjin kaya kawai da sun ceci da yawa. Sama da soja 600 suka kamu, 83 suka rasu.

Don haka tun ranar da aka kafa rumbu a rubuta waɗanda dole su sani, da iyakar abin da kowa zai sani. Shugaban 'yan kwana-kwana ba ruwansa da inda kayan za su, amma dole ya san rukunin haɗarinsu, domin da shi zai yanke ko a tunkari wutar ko a gudu. Akwai alamu huɗu masu ruwan lemo da ake kafawa saboda haka: mai kusurwa takwas da lamba 1 ga abin da ke tashi gaba ɗaya, wanda ba a kashe wutarsa in ta kai ga kaya, mai siffar gicciye da lamba 2 ga mai watsa ɓaraguzai, alwatika mai kai ƙasa da lamba 3 ga mai babbar gobara, da mai siffar lu'ulu'u da lamba 4 ga ƙananan harsasai. In ana tsoron idon jirgi mara matuƙi, a kafa su ƙasa-ƙasa a bakin hanyar shiga, inda mai zuwa da ƙafa zai gani. Babban likita ya san ko akwai fosforas ko wani sinadari. Hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ya san ta wace hanya mutane za su bi in an busa ƙaho, kuma wace hanya ce ke kaiwa ga ruwa ko rami. Cikakken jerin kayan kuma a yi shi kwafi biyu a rufe cikin ambulan, ɗaya a hannun mai sito, ɗayan a wani wuri da ke wajen da'irar fashewa, tare da sunan hafsan da ke da ikon buɗe shi da na wanda zai buɗe in shi ba ya nan.